Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Juriya da Ladan Wahala a Gudun Sha'awa

Gabatarwa

Sau ɗaya a shekara, a lokacin hunturun ƙasar Afirka ta Kudu, dubban mutane maza da mata sukan taru da asuba a tsakiyar birnin Durban ko na Pietermaritzburg. Tun gari bai gama wayewa ba sai a harba bindiga, su kama gudu daga wannan birni zuwa wancan, tafiyar da ta kusa kilomita 90. Akasarinsu ba 'yan wasa ba ne. A cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da direbobi da magina da 'yan kasuwa. Kowannensu ya san ba shi ne zai zo na ɗaya ba, domin wanda zai ci tseren yakan riga na baya isa da awa shida ko fiye. Duk da haka da kuɗinsu suka yi rajista, kuma sun shafe watanni suna tashi kafin ketowar alfijir don su shirya wa wannan rana.

Wannan maƙala za ta dubi irin wannan gudu, watau gudun da mutum yake yi don sha'awa da neman lafiya, ba don sana'a ba. An ɗauki tseren da ake kira Comrades a matsayin misali, saboda daɗewarsa, da kuma yadda aka tsara shi har na can baya ma yana da rabo. Abin da ake son nunawa shi ne, juriya aba ce wadda ake koyo, jiki ya koya zuciya ma ta koya, kuma ladan da mai gudu yake samu gwargwadon wahalar da ya ɗaukar wa kansa ne.

Gudu a Tunanin Bahaushe

Kafin a shiga batun tseren, ya kamata a tsaya a kan kalmar kanta. A wurin Bahaushe gudu yana tafe da dalili. Ko dai ana bin mutum, ko kuwa shi ne yake bin wani abu. Shi ya sa akwai gudun hijira da gudun ceton rai da gudun abin kunya, kuma aka ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Gudun wasa na yara ne, kamar a langa ko tsere a dandali. Idan aka ga magidanci ya sheƙo da gudu a cikin gari, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Lafiya?" Saboda haka gudun sha'awa baƙon abu ne ga wannan tunani, ko da yake harshen ya riga ya tanadi sunaye dominsa. Ana kiran gudun da ba na sauri ba sassarfa, dogon tsere kuwa ana ce masa gudun famfalaki ko gudun yada ƙanin wani.

Amma halin da gudun yake bukata ba baƙo ba ne. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, ya lissafa haƙuri a cikin halayen da Hausawa suke auna mutum da su. Haƙuri yana da 'yan'uwa biyu waɗanda suka fi kusa da wannan batu, su ne juriya da naci. Haƙuri shi ne ɗaukar abin da ya sami mutum ba da zaɓinsa ba. Juriya ita ce ci gaba da aiki alhali ana jin zafinsa. Naci kuwa shi ne komawa kan abu yau da gobe, ko da an sha kaye. Mai gudun sha'awa yana bukatar duka ukun, amma abin da ya bambanta shi da mai gudun ceton rai shi ne, a kowane taku yana da ikon tsayawa, babu wanda zai tuhume shi.

Asalin Tseren

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ne ya kafa tseren Comrades. A Yaƙin Duniya na Farko yana cikin rundunar Afirka ta Kudu wadda ta yi tattakin kimanin kilomita 2,700 a yankin Afirka ta Gabas da Jamus take mulka, inda mafi yawansa yake cikin Tanzaniya a yau. Zafi da cuta da yunwa sun kashe abokansa da yawa. Da ya dawo gida sai ya ga ya dace a tuna da su ta hanyar wani abu mai wuya wanda rayayyu za su ji a jikinsu. Ya nemi izinin ƙungiyar tsofaffin sojoji, aka hana shi a 1919, aka sake hana shi a 1920, domin ana ganin ɗan Adam ba zai iya wannan tafiya a yini guda ba. Sai a karo na uku aka amince. Sunan tseren ma daga sunan ƙungiyar aka samo shi, ma'anarsa abokan fama.

Ran 24 ga watan Mayu, 1921, mutum 34 suka tashi daga Pietermaritzburg, a kan hanyar da yawancinta ba ta da kwalta. Waɗanda suka isa Durban cikin lokacin da aka ƙayyade ba su kai 20 ba. Bill Rowan ne ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. Tun daga nan ake yin tseren kowace shekara, in ban da 1941 zuwa 1945 saboda Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma 2020 da 2021 saboda annobar korona. A shekarar 2000 waɗanda suka yi rajista sun kusa 24,000.

Yadda Hanyar Take

Gudun famfalaki da aka saba da shi a duniya tsawonsa kilomita 42.195 ne. Comrades ya ninka wannan har da ɗori, domin tsawonsa yakan kama daga kilomita 86 zuwa 90, gwargwadon inda aka tsayar da ƙarshensa a shekarar. Durban tana bakin teku, Pietermaritzburg kuwa tana kan tudu, kuma wuri mafi tsawo a hanyar ya haura mita 800 daga saman teku. Bisa al'ada ana karɓa-karɓa: bana a yi gudun hawa daga Durban, baɗi a yi gudun gangara daga Pietermaritzburg.

Akwai manyan tuddai biyar waɗanda kowane mai gudu ya san sunayensu: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga da Polly Shortts. A gudun hawa, Polly Shortts yana tarar mutum ne bayan ya yi tafiyar kusan kilomita 80, lokacin da ƙarfi ya riga ya ƙare. Mai jin labari zai zaci gangara ta fi sauƙi, amma waɗanda suka gwada duka biyun sukan ce ta fi cin ƙafa. Dalili kuwa shi ne, a gangara tsokar cinya ita ce birki. Tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki, wannan kuwa yana yayyaga ƙananan zaruruwanta fiye da yadda hawa yake yi. Shi ya sa kashegarin gudun gangara akan ga ƙarfafan mutane suna sauka daga bene da baya-da-baya.

Ba a barin mutum ya shiga sai ya cika shekara 20, kuma ya nuna shaidar ya kammala wani dogon tsere cikin ƙayyadadden lokaci. A kan hanya akwai wurare da aka sa wa lokaci, wanda duk ya makara a ɗayansu sai a ɗauke shi a mota. Lokacin tseren gaba ɗaya awa 12 ne.

Yadda Jiki Yake Koyon Juriya

Babu wanda aka haifa da ikon yin wannan tafiya. Arthur Newton manomi ne ɗan shekara 38 sa'ad da ya fara horar da kansa a farkon 1922. Bayan wata biyar ya ci tseren cikin awa 8 da minti 40, daga baya ya ƙara cin sa sau huɗu. Koyarwar da ya bari ita ce a riƙa yin gudu mai nisa, a hankali, a kai a kai. Binciken masana ya zo daga baya ya bayyana abin da yake faruwa a cikin jikin mai yin haka.

Na farko, zuciya tsoka ce, aiki yana ƙara mata ƙarfi. Idan aka daɗe ana gudu, jinin da take turawa a kowane bugu yakan ƙaru, saboda haka ba ta bukatar yawan bugawa. Zuciyar baligi mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, ta wanda ya saba da dogon gudu kuwa takan sauko zuwa 50 ko ƙasa da haka. Na biyu, ƙananan hanyoyin jini sukan yawaita a cikin tsoka, iskar da huhu ya shaƙa ta riƙa isa gare ta da sauƙi. Na uku, a cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, waɗanda suke kamar murhu ne inda ake ƙona abinci ya zama ƙarfi. A 1967 wani masani Ba'amurke, John Holloszy, ya nuna cewa ɓerayen da aka horar da dogon gudu na tsawon makonni, ƙarfin aikin waɗannan murahu a tsokarsu ya kusa ninkawa. An tabbatar da irin wannan canji a jikin mutane daga baya.

Amfanin wannan ga mai dogon gudu babba ne. Jiki yana ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, ana kiransa gilaikojin, amma ajiyar ba ta wuce kimanin kalori 2,000 ba. A gudu mai ƙarfi takan ƙare a wajen kilomita 30, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Kitse kuwa ajiyarsa tana da yawa ƙwarai, ko a jikin siriri. Tsokar da ta horu takan koyi ƙona kitse tun da wuri, ta yi tattalin sukarin. Wannan, haɗe da ɗan abin da ake ci a kan hanya, shi ne yake kai mutum kilomita 90.

Sai dai jiki ba ya koyon duk wannan a lokaci guda. Zuciya da huhu sukan amsa cikin makonni, ƙashi da agara da gaɓoɓi kuwa sai sun yi watanni. Nan ne sababbin masu gudu suke jin ciwo: numfashi ya daina yi musu wuya, sai su ƙara nisa da sauri, alhali ƙafa ba ta shirya ba. Har wa yau, ba a lokacin gudu ne ƙarfi yake ƙaruwa ba, a lokacin hutu da barci ne jiki yake gyara abin da ya lalace, ya ɗan ƙara a kai. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Juriyar Zuciya

Masu gudun Comrades sukan ce rabin farko na ƙafa ne, rabi na biyu kuwa na kai ne. Bayan awa bakwai ko takwas babu gaɓar da ba ta ciwo, kuma ga motar ɗaukar waɗanda suka sare tana biye. Akwai dabarun da gogaggu suke bi. Ba su tunanin kilomitocin da suka rage gaba ɗaya, sai dai su ce bari a kai rumfar ruwa ta gaba. Ba su jin kunyar takawa a kan tudu, domin wanda ya nace sai ya hau Inchanga da gudu yakan biya bashin a gaba. Suna kuma tafiya cikin ayari. Wani ƙwararre yakan ɗaura tuta a bayansa mai nuna lokacin da zai isa, ɗaruruwan mutane su bi shi, suna gudu tare suna takawa tare. Ana kiran wannan ayari bas, shi kuma direba. Wanda shi kaɗai da tuni ya zauna a gefen hanya, a cikin bas sai ya ga ƙafarsa tana bin ta jama'a.

Tarihin tseren cike yake da misalan naci. Phil Masterton-Smith ya ci tseren a 1931 yana ɗan shekara 19. A 1933, lokacin matsin tattalin arziki, ya rasa kuɗin jirgin ƙasa daga Cape Town, sai ya hau keke ya yi kwana goma a hanya, kashegari ya shiga tseren ya zo na goma. Wally Hayward ya ci sau biyar tsakanin 1930 da 1954. Ya dawo a 1988 yana da shekara 79 ya kammala cikin awa 9 da minti 44. A 1989, yana da shekara 80, lokacin da iyakar tseren take awa 11, ya isa saura ƙasa da minti biyu a rufe. Ba a sami wanda ya girme shi a cikin masu kammalawa ba sai a 2023, sa'ad da Johannes Mosehla, mai shekara 81, ya gama cikin awa 9 da minti 26.

Akwai kuma waɗanda juriyarsu ta fi ta hawan tudu. Shekara hamsin da 'yan kai tseren na Turawa maza ne kaɗai. Frances Hayward ta yi shi a 1923 cikin awa 11 da minti 35, ba a sa ta cikin lissafi ba domin mace ce. Robert Mtshali ya yi shi a 1935 cikin awa 9 da rabi, shi ma ba a lissafa shi ba domin baƙar fata ne. Duka biyunsu sun san tun kafin su tashi ba za a karɓe su kamar sauran ba. Sai a 1975 aka buɗe tseren ga mata da baƙar fata, kuma a 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci shi.

Ladan Wahala

Tsarin lambobin yabo na Comrades yana nuna yadda ake auna ƙoƙari a can. Goma na farko, a maza da kuma a mata, suna samun zinariya. A bayansu akwai matakai bisa lokacin isowa. Wanda ya isa tsakanin awa bakwai da rabi da awa 9 yana samun lamba mai sunan Bill Rowan, watau ya yi abin da ya isa cin tseren farko. Mai isowa tsakanin awa 9 da 10 yana samun lamba mai sunan Robert Mtshali, wadda aka ƙirƙiro a 2019, shekara 84 bayan gudun da aka ƙi lissafa masa. Lambar awar ƙarshe, daga 11 zuwa 12, ita aka sa wa sunan Vic Clapham, wanda ya kafa tseren. Wanda kuma ya kammala sau goma, ko da kullum a baya yake zuwa, ana ba shi koriyar lamba, ta zama tasa har abada. A 2023 Tete Dijana ya yi gudun gangara cikin awa 5 da minti 13, Gerda Steyn kuma cikin awa 5 da minti 44, amma mafi yawan masu kammalawa a cikin awa biyu na ƙarshe suke isowa, kuma jama'a sukan zauna jiransu har faɗuwar rana.

Idan awa 12 ta kusa cika, wani jami'i yakan tsaya a kan layin ƙarshe ya juya wa masu gudu baya, don kada tausayi ya kama shi. Filin yakan kaure da ihu. Akan ga mutum ya faɗi saura taku kaɗan, waɗanda ba su san shi ba su tsaya su ɗaga shi, ko da hakan zai cinye musu daƙiƙoƙin da su ma suke bukata. Da lokaci ya cika sai a harba bindiga, a tare hanya. Wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya ba shi da lamba. Wannan tsanani shi ne ya ba lambar daraja, domin kowa ya san ba a samun ta da roƙo ko sanayya. Da yawa daga cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa sukan dawo wata shekarar.

Lambar ƙarfe dai ita ce ƙaramin rabo. Babban rabon yana cikin watannin shiri, kuma ba sai an je Afirka ta Kudu ake samunsa ba. Tun a 1953 Jerry Morris ya lura cewa kwandastocin motocin bas na Landan, masu yini suna hawa da sauka a bene, ciwon zuciya bai kama su kamar direbobin da suke yini a zaune ba. A 2014 aka buga wani bincike a Amurka wanda ya bi mutum fiye da 55,000 har kimanin shekara 15. An ga mutuwa a cikin masu gudu ta yi ƙasa da ta marasa gudu da kashi 30 cikin ɗari, mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da hanyoyin jini kuwa da kashi 45. Har waɗanda gudunsu bai wuce minti 5 zuwa 10 a rana ba an ga wannan bambanci a kansu. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai ƙarfi irin gudu na minti 75 zuwa 150. Bayan lafiyar jiki, gudu yana gyara barci, yana rage damuwa, yana kuma ba mutum wata shaida a kan kansa: abin da ya gagare shi a watan jiya, ga shi yau ya yi.

Iyakar Juriya

Juriya ba ta raba mutum da hankali. Akwai ciwon gajiya wanda ake daurewa, akwai kuma ciwon da yake gargaɗi ne, kamar zafi a ƙirji, ko jiri, ko ruɗewar tunani, ko suka a ƙashi wadda take ƙaruwa da kowane taku. Jim Fixx, wanda littafinsa na 1977 ya jawo jama'a masu yawa cikin gudu a Amurka, ya faɗi ya mutu yana gudu a 1984 yana da shekara 52. An tarar hanyoyin jinin zuciyarsa sun toshe, kuma mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi da ƙuruciya. Saboda haka mai yawan shekaru, ko mai hawan jini, ko wanda ciwon zuciya yake cikin danginsa, ya kamata ya ga likita kafin ya fara. Ko ruwa ma yana da iyaka. A 1985 Tim Noakes na Jami'ar Cape Town da abokan aikinsa suka bayyana yadda shan ruwa fiye da kima a dogon tsere yake tsinka gishirin jini har ya kai ga suma, kuma daga Comrades aka fara ganin wannan matsala. A ƙasashe masu zafi kuwa, sanyin safiya ko na yamma shi ne lokacin gudu.

Kammalawa

An ga cewa tseren da aka kafa don tunawa da wahalar da aka tilasta wa sojoji ya zama wurin da mutane suke zaɓar wahala da kansu. An ga kuma cewa ƙarfin da ake bukata taruwa yake yi sannu a hankali, a zuciya da tsoka da ƙashi, ta hanyar aiki da hutu, kuma dabara da taimakon jama'a suna da rabo a cikinsa kamar yadda taurin rai yake da shi. Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A farauta, maharbi ɗaya ne yake komawa gida da zomon. A gudun sha'awa kuwa kowa da nasa zomon: na wani awa shida, na wani awa goma sha biyu, na wani ya zagaya filin makaranta sau biyu ba tare da tsayawa ba. Wanda ya fara da takawa, ya ƙara da sassarfa, ya koma gobe da jibi, ya kama hanyar da Newton da Mtshali da Mosehla suka bi. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.